Mun gaji tsohon masaukin Baba a Argungu, ta ina za mu fara?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar mana masaukin baƙi a Argungu mai ɗaki 14. Sashen baya ginin ƙasa ne mai rufin azara, a gine ya saye shi. Na gaba shi ya gina da bulo da kwano bayan samun 'yancin kai. Shekara tara ke nan gidan yana rufe. Mu takwas ne, ga iyayenmu mata biyu. Ƙanena da ke Abuja ya ce zai kawo kuɗi a rushe sashen ƙasa, a sa tayil ko'ina, a buɗe kafin bikin kamun kifi. Ni kuma so nake mu 'yan gida mu riƙe shi da kanmu. Ta ina za mu fara?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na daɗe ina riƙe da masaukan baƙi, na kuma tsaya a kan gyaran tsofaffin gidaje irin wannan, don haka zan faɗa miki abin da na gani ba tare da kwana-kwana ba. Ƙanen naku niyyarsa mai kyau ce, sai dai ya kamo zancen ta wutsiya. Tayil da fenti su ne aikin ƙarshe. Kafin su akwai takarda, akwai rufi, akwai ruwa, kuma a wannan jerin ake bin su.

Na sa takarda a gaba ne domin gidan nan yanzu mutum goma ke da shi, ko da kuwa ba a taɓa zama an faɗi haka da baki ba. Idan iyayen Baba sun riga shi rasuwa, matansa biyu za su raba tumuni a tsakaninsu, saura na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. Ku kira malamin da ya san ilimin gado, ko ku je kotun shari'a, a fitar wa kowa kasonsa a rubuce. Fitar da kaso ba yana nufin a ja igiya a tsaga gidan ba. Ana iya barinsa a dunƙule, kowa ya san nawa ne nasa a ciki. Idan akwai wanda bai balaga ba a cikinku, sai an tsayar da wanda zai wakilce shi. Idan kuma wani ya ce shi kuɗinsa yake so, kada a ɗauke shi bare, hakkinsa ne. A mazhabar Malikiyya akwai shuf'a, wato abokin tarayya a gida ko fili da ba a raba ba shi ya fi cancanta ya sayi kason ɗan'uwansa kafin na waje. A yi wa gidan ƙima, masu hali a cikinku su saye kason mai son fita, a rabu lafiya.

Sai kuɗin da ƙanenku zai kawo. Tun kafin ya turo ko kwabo, a tambaye shi gaban kowa: bashi ne, kyauta ce, ko kuwa jari ne da zai ƙara masa kaso? Duk wanda ya zaɓa daidai ne, muddin an rubuta. Na san gidan da babban wa ya zuba kuɗi aka yi gyara ba a yi wannan tambaya ba, kowa na jin nauyinsa. Da aka fara samu sai ya ce ai gidan ya zama nasa, ƙannensa mata suka ce taimako ya yi. Har yau kwaɗo biyu ne a ƙofar, kowane ɓangare da nasa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka babu wanda zai ce kin kawo baƙon abu.

Ni shawarata ku yi rajistar kamfani mai hannun jari a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kada ku tsaya a rajistar sunan kasuwanci kawai. Bambancin shi ne kamfani yana tsayuwa da kansa a gaban doka, yana da asusunsa na banki, kuma idan ɗayanku ya rasu hannun jarinsa ake gada, ba a sake taɓa ginin. Ku binciki takardar filin ma. Idan akwai shaidar mallaka ta gwamnati kuma kuna son mayar da ita sunan kamfani, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna, abin kuwa yana cin lokaci. Da yawa sukan bar filin da sunan magada, su bai wa kamfanin haya a rubuce. Lasisin buɗe masauki na jiha ne, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013 cewa jihohi ke da hurumin rajistar otal-otal, don haka Birnin Kebbi za ku nufa. Duba-gari da 'yan kwana-kwana kuwa ku gayyato su da kanku tun ana cikin aiki, ya fi su zo bayan an gama su ce a fasa.

To, sashen ƙasa. Kada ku rushe shi sai wanda ya san ginin ƙasa ya duba ya ce ya mutu. Injiniyan da bulo da rodi kawai ya sani, da ya ga tsaga zai ce a kawo katafila. Ku nemi tsohon magini, akwai su a garinku, fada ma ta san su. Wani lokaci na shiga da irinsu wani gida da aka shafe katangarsa ta ƙasa da siminti, an yi fenti, gwanin kyau. Dattijon bai ce komai ba, sai ya dunƙule hannu yana ƙwanƙwasa bangon yana tafiya. Wani wuri ƙarar ta fito a cike, wani wuri kamar ana buga ƙwarya. Ya ciro ƙusa ya ɓamɓare ɗan wuri kusa da ƙasa, ya cusa yatsa, ya fito da shi da ƙasa jiƙaƙƙiya kamar ƙullu, alhali a tsakiyar rani muke. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wagga katanga lumfashi taka yi, kun toshe mata hanci." Ginin ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. Siminti ba ya manne masa sosai, kuma idan ya tsage ruwa ya shiga ta baya, ba shi da hanyar fita, sai ya zauna yana cin tubali a ɓoye har ranar da bango zai zube gaba ɗaya. Idan an taɓa yi wa naku haka, a ɓamɓare a hankali, a bar shi ya bushe, a mayar masa da yaɓen ƙasa da aka cuɗa da ciyawar ramno, a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. A saman soro da laso ake yi a da, haɗin katsin marina da gashin majema da dafara. Masu iya haɗa shi sun yi ƙaranci, idan kun samu ku riƙe shi hannu biyu.

Ginin ƙasa daga wuri biyu yake mutuwa, kai da ƙafa. A kai, indararo ne. Gidan da ya yi damina tara a rufe, na tabbata indararonsa sun toshe da ganye da sheƙar tsuntsu, ruwa yana kwana a soro. A ƙafa kuma, inda ruwan indararo ke faɗowa ya fantsama a gindin bango, da inda ruwan tsakar gida ke taruwa. A sa indararo masu tsawo da za su jefa ruwa nesa, a yi dakali a gindin katanga, a fitar wa ruwa hanya zuwa kwata. Azara kuma a bakinta ake dubawa, wurin da ta shiga cikin bango. A soka mata tsinken ƙarfe, idan ya shige kamar a rogo dafaffe to a canza ta. Azarar giginya da ta ƙosa gara ba ta cika damunta ba, danshi ne ke kashe ta. Idan kun san ba za ku iya yaɓen soro duk shekara ba, ban ga laifi a ɗora kwano a sama kamar laima ba, a bar tazara iska na wucewa. Masu son tsantsar gargajiya za su yi tsaki, amma daga cikin ɗaki baƙo azara zai gani, ginin kuma ya tsira.

Abin da ya sa nake kare wannan sashe ba son tsohon abu ne kawai ba. Ki shiga ɗakin ƙasa da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kabi ke haura digiri 40, sannan ki shiga na kwano. Kaurin bangon yana riƙe zafi ya hana shi shigowa sai dare, shi ya sa yake buƙatar taga biyu masu fuskantar juna domin ya huce, da raga saboda sauron fadama. Ban da haka, ɗakin tayil da silin roba akwai shi a Birnin Kebbi, akwai shi a Sakkwato, wanda ya fi naku sabunta. Abin da ba su da shi shi ne ɗaki mai azara da zaure mai rufin ɗaurin guga. Mutanen da ke zuwa Gidan Tarihi na Kanta ginin ƙasa suke zuwa kallo, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Wanda ya biya kuɗin mota don ya kalli irin wannan gini zai so ya kwana a cikinsa, in dai akwai tsafta da ruwa.

Sashen bulo sauƙinsa ya fi yawa, abu biyu kawai zan ja kunnenku a kai. Wayar wuta ta wancan zamani a cire ta duka a ja sabuwa, kada a yi mata faci, ɓera ya riga ya gama da ita. Silin kuma, gine-ginen lokacin da yawa na asbestos ne. Idan bai fashe ba a bar shi a yi masa fenti. Idan dole a cire, a jiƙa shi, a sauke shi ɗaya-ɗaya ba tare da an farfasa ba, ma'aikata su rufe hanci, domin ƙurarsa tana lalata huhu.

Ruwa shi ne abin da baƙo ba ya yafewa. Zai haƙura da tsohon gado, zai haƙura da ƙaramar talabijin, amma ya buɗe famfo da asuba zai yi alwala ya ji iska, ba zai dawo ba, kuma zai faɗa a tasha. Rijiyar burtsatse da tanki a sama su zo kafin komai na ado. Ramin masai ya yi nisa da rijiyar, mita 30 idan fili ya yarda, musamman da yake ruwan ƙasa ba shi da zurfi a wuraren da ke kusa da fadama. Kuma kada a kuskura a binne bututun ruwa a cikin bangon ƙasa. Ɗigo ɗaya da ba a gani ba ya isa. Ɗakunan baya a gina musu banɗaki na bulo ta waje, mai bangonsa daban, a huda ƙofa zuwa ciki, bututu duk su bi ta fili inda ido ke ganinsu.

Wuta kuwa lissafi ne. Fankar sama tana cin kusan wat 70, ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki tana cin na fanka goma ko fiye. Sola da batir za su riƙe muku fitilu, fankoki, firji da cajin waya, su kuma tura ruwa tanki da rana. Na'urar sanyi a sa ta a ɗaki biyu kacal na sashen bulo, kuɗinsu daban, a rubuta a bango daga ƙarfe nawa zuwa nawa ake tada janareto. Baƙo ya fi son a ce masa awa biyar a cika, da a ce masa har safe a kashe ƙarfe ɗaya.

Yanzu maganar biki, wadda ita ce ta fi ruɗar mutanen Argungu idan ana lissafin masauki. Bikin babba ne, ba musu. Tun 1934 ake yinsa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma ke ma kin san an yi kusan shekara goma ba a shiga kogin Matan Fada da homa da gora ba, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi. Wanda ya ci bashi ya gina ɗakuna saboda biki a waɗancan shekaru, me ya ci? Ki ɗauki biro. Ɗaki 14 a cike na kwana huɗu, kwana 56 ke nan aka saya. Ko kun ninka kuɗin sau uku, daidai yake da kwana 168. Ɗaki uku kacal da ake kwana cikinsu kullum, a shekara kwana 1,095 ne. Masu riƙe muku gida su ne dillalan shinkafa da masu hulɗa da kamfanin casar WACOT da aka buɗe a 2017, iyaye da baƙin Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, ma'aikatan rigakafi, masu sa ido a jarrabawa, 'yan ɗaurin aure, da fatake masu wucewa Kangiwa da Kamba. Waɗannan ba sa neman wurin ninƙaya. Wurin ajiye mota mai ƙofa suke so, da shimfiɗa mai tsafta, da rasit. Saboda haka ku gyara ɗaki shida, huɗu a gaba biyu a baya, ku buɗe. Sauran a rufe musu rufi kada su lalace, a riƙa gyara su da abin da shidan suka kawo. Idan biki ya zo ya same ku a shirye, alhamdu lillahi. Kada a yi gaggawar yaɓe saboda shi, danyen yaɓe ba ya jin lallashi.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma na san yana ranki, wato suna. A garuruwanmu da an ce "otal" abin da ke zuwa zuciyar mutane daban ne, kuma ku 'ya'yan mutunci ne, da mata a cikinku. Ku kira shi masauki, ku bar masa sunan da aka san shi da shi tun zamanin Baba. Kafin buɗewa ƙannenki maza su je su gai da hakimi, da limamin unguwa, da Hisba, da ofishin 'yan sanda, su faɗi abin da za a yi da wanda ba za a yi ba. Ba a ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu, komai kuɗin. Kowane baƙo a ga katin shaidarsa, a rubuta suna da lambar waya da inda ya fito, ko da sananne ne. Halin tsaron da ake ciki ya wajabta wannan littafi, kuma shi ne zai kare ku ranar da aka zo tambaya. Sau biyu ko uku za ku mayar da mutum da kuɗinsa a hannu, gari ya ɗauka. Daga nan za ki ga wasu baƙi da manyan otal ba sa samu: malamar asibiti da aka turo aiki, ko mai gidan da ke tafe da iyalinsa, waɗanda hankalinsu zai kwanta don sun ji akwai dattijuwa a gidan.

Riƙon 'yan gida kuma yana da nasa ciwon. Mutum ɗaya ne zai zama manaja, sauran masu kaso ne, ba masu ba da umarni ba. Wanda ya fi iya lissafi da haƙuri da mutane shi za a ba, ko da ƙarami ne, ko da mace ce. Duk ɗan gidan da ke aiki a yanka masa albashi, har da mai shara, har da iyayenku idan su ke girki. Wanda ake ce wa "ai gidanku ne" ba a biyansa, shi ne zai fara biyan kansa daga aljihun tebur, kuma ba za ku iya ce masa ɓarawo ba. Kuɗi su shiga asusun kamfani, na'urar POS da sunan kamfani, ba da sunan wani yaro ba. A zauna duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shiga da wanda ya fita, a tura hoton shafin ga na Abuja. Cikin kowace naira goma ni nakan ware ɗaya don gyara kafin a yi maganar riba, ginin ƙasa ma ya fi son haka. Sai ɗakin kyauta. Za a yi suna, za a yi biki, surukai za su zo, abokin wani zai sauka "kwana biyu kawai". A wani masauki da na riƙe na taɓa ƙirgawa, na tarar ɗakin da ya fi kowane kyau ya fi kwana da baƙin masu gida fiye da masu biya. Ku yanka wa kowane mai kaso kwanakinsa a shekara, idan ya cinye, a cire daga ribarsa. Haka nan masu cewa "a rubuta, ofis zai biya", a sa musu iyaka tun ranar farko.

Abinci kada ku buɗe gidan cin abinci tukuna. Karin safe ya isa, kunu da ƙosai ko waina da shayi, a cikin kuɗin ɗaki. Na dare sai wanda ya faɗa tun la'asar, a yi masa tuwon shinkafa da miyar kifi, tarwaɗa ko ƙarfasa da aka sayo ranar. Baƙon da ya zo Argungu ya ci taliya da kifin gwangwani an cuce shi.

Kafin ma'aikata su shiga, ke da kanki ki zagaya gidan da buhu. Tsohon littafin baƙi na Baba, allon suna, makullai masu lamba, hotuna, fitilar ƙwai, agogon bango ko da ya tsaya, duk ki kwashe ki adana, domin leburori bola suke ɗaukar irin waɗannan. Idan an gama a jera su a zaure. Kada a sayo kayan gargajiya na kasuwa a rataya don a burge baƙo, abin da gidan ya mallaka ya ishe shi. Ƙofofin katako ma a kankare su a shafa musu mai, kada a musanya su da na ƙarfe masu ƙyalli.

Aikin ƙasa bayan kaka ake fara shi, ya samu iskar hunturu ya bushe kafin zafi, don haka zaman magada da zirga-zirgar takardu su cinye muku watannin damina. Abu ɗaya ne ba zai jira zaman ba. Cikin satin nan a samu yaro mara nauyi ya hau soron baya da tsintsiya da sanda, ya bi gefen bango kada ya taka tsakiya, ya buɗe indararon nan duka, inda ya ga rami a rufe da leda mai kauri a danne da bulo.